Riƙo a gaba, gudu a baya: zaɓen taya ga keke mai ƙafa 29

Wannan mako za mu bar zancen tsadar hatsi da na albashi su huta, mu sauka ƙasa ƙwarai, har inda roba take taɓa tsakuwa. Dalili kuwa wata wasiƙa ce da wani ma'aikaci ya aiko mini daga Damagaram. Bawan Allah ya sayi ɗaya daga cikin kekunan nan masu ƙaton ƙafa da Faransawa suke ce ma «VTT», wato keken kowace irin ƙasa, irin waɗanda Turawa suka hau suka gaji aka yo mana jigilarsu ta bakin teku. Da shi yake zuwa biro ranar aiki, ran Lahadi kuma ya kama hanyar Mirriya, ya saki kwalta ya faɗa daji don rage tumbi, bisa umurnin likita. Tayoyin da keken ya zo da su sun cinye, shi ne yake tambaya: wace taya ce za ta riƙe ƙasa ƙam kada ta zame da shi, amma kuma ta yi gudu ba tare da ta shanye mishi ƙarfin gwiwa ba?

Zan amsa iyakar sanina, kuma sanin nan ba a banza na same shi ba, na biya shi da fatar gwiwar hannu da jikkuna masu dama. Sai dai tun da fari in faɗi abin da mai kanti ba ya son faɗi. Riƙo da gudu kishiyoyi ne a gida ɗaya: duk abin da aka ƙara ma ɗaya, daga rabon ɗayar aka ɗebo shi. Taura biyu ba ta taunuwa. Amma Allah ya sa keke ƙafa biyu gare shi, kuma aikin ta gaba daban yake da na ta baya. Wanda ya gane wannan ya ci rabin hanya.

Kafin mu kai can, ya kamata mu san keken da muke magana a kai. Asalinsa ƙasar Amurka ne, jihar Kaliforniya, a wata gunduma da ake kira Marin, arewa da birnin San Faransisko. A shekarun 1970 waɗansu samari suka riƙa tono tsofaffin kekuna masu faffaɗar taya, suna gangarowa da su daga kan duwatsu. A 1976 suka fara wani tseren gangara da suka sa ma suna Repack. Waɗancan tsofaffin kekuna ƙafarsu inci 26 ce, don haka da kamfanoni suka shiga sana'ar, kamar Specialized da ya fito da kekensa Stumpjumper a 1981, sai aka ɗore da 26, ba don wani masani ya auna ya ga ita ce ta fi ba, sai don ita aka tarar. Aka shekara kusan ashirin a haka. A 1999 kamfanin WTB ya ƙera wata taya mai kauri, Nano Raptor, wadda take hawa kan babbar ƙafa irin ta keken tsere, sannan a farkon shekarun 2000 Gary Fisher, ɗaya daga cikin samarin Marin ɗin nan, ya fara sayar da kekuna masu ƙafa 29. Da fari dariya aka yi musu, ana cewa ƙafar amalanke ce. Dariyar ta ƙare lokacin da wani mutumin ƙasar Cek, Jaroslav Kulhavý, ya ci gasar duniya a 2011 bisa irin wannan keke, ya kuma ɗauki lambar zinariya a wasannin Olimpik na birnin Landan a 2012. Yau mafi yawan sabbin kekunan daji na manya da ƙafa 29 suke fitowa.

Amfanin babbar ƙafa kuwa, duk wanda ya taɓa tura baro ya san shi. Ramin da zai tsai da ƙaramar ƙafar baro cak, ƙafar amalanke wuce shi take yi ba ta ko ji ba. Babbar ƙafa tana hawa dutse da saiwa cikin sauƙi, ba ta saurin nutsewa a rairayi, in ta ɗauki gudu kuma tana riƙe shi. Laifinta nauyi: tana da nawar tashi, kuma duk giram ɗin da aka ɗora can bakin da'ira, wato a jikin taya, ƙafar mutum ce za ta juya shi a kowane tashi. Shi ya sa zaɓen taya ya fi ciwo ga mai 29 bisa ga mai 26.

Lamba uku da suka fi sunan kamfani

Yanzu ga tarkon farko, kuma ina roƙon ƴan kasuwarmu masu kawo kayan keke su karanta wannan wuri sau biyu. Bara na je rumfar wani dattijo mai sayar da kayan keke, na ce ina son taya 29. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce: «Ɗana, shekara talatin ina wagga sana'a, 28 ita ce iyakar taya. Ɗauki wannan, ai roba ce, inci ɗaya za ta miƙe.» Na ce: «Alhaji, in ba ta shiga ba fa?» Ya ce in sa sabulu. Na biya, na kai gida ina shirin kokawa, sai ga abin mamaki: tayar da muke tsoron za ta yi kaɗan, yawa ta yi, tana lilo bisa zoben ƙarfen ƙafar, wanda makanikai suke ce ma «jante», tamkar zoben uba a yatsan yaro. Ashe 28 ta fi 29 girma!

Ga asirin. Lambobin 26, 28 da 29 suna ne kawai, ƙiyasi ne na tsayin ƙafa duka har da kaurin taya. Ma'aunin gaskiya shi ne faɗin da'irar zoben a wurin da bakin taya yake zama, kuma da milimita ake rubuta shi a gefen kowace taya ta kirki, lamba biyu da tsinke a tsakani, misali 57-622. Ta farko faɗin tayar ce, ta biyu girman zoben. Ƙafa 26 ta keken daji milimita 559 ce. Ƙafa 27,5 da ta yi tashe daga baya, 584. Ƙafa 29 kuwa 622, daidai da ta keken tsere da Faransawa suke kira 700C. In ka ɗora kaurin taya na milimita 57 sama da ƙasa bisa 622, ka sami 736, wato inci 29 ke nan; daga nan sunan ya fito. Shi kuma baƙin keken nan na iyayenmu, mai birkin ƙarfe, wanda ake ɗora ma buhun gero, tayarsa 28 x 1½ ce, zobenta milimita 635. Ya fi na 29 da milimita 13. Ita Alhaji ya ba ni. Don a ƙara dagula lissafi, Jamusawa su ma suna rubuta 28 bisa waɗansu tayoyin gari alhali 622 ne. Waɗannan suna hawa ƙafar 29, sai dai sirara ne, ba na daji ba. Saboda haka wanda zai yi sautu daga Kano, ko Dubai, ko wajen ɗan'uwa a Faransa, kada ya ce «29» ya yi shiru. Ya ce 622. Lamba uku ce, amma tana iya hana ɗan kasuwa tara kwali goma na kayan da ba mai saye.

Mu koma ga kishiyoyinmu. Me ke hana taya gudu? Mutane suna zaton gogar ƙasa ce, amma babban ɓarawon yana cikin robar kanta. Duk inda taya ta taka sai ta lotsa, in ta wuce ta miƙe, kuma roba ba ta mayar da duk ƙarfin da aka matsa ta da shi. Wani kashi zafi yake zama ya ɓace. Ku ɗauki ƙwallon roba da curin tuwo ku yar ƙasa: ƙwallo zai yi tsalle, tuwo zai lafe. Roba mai gudu ƙwallo ce, roba mai riƙo kuwa ta fi kusa da tuwo, tana lafewa bisa dutse tana bin ƙirarsa, shi ya sa ba ta zamewa, shi ya sa kuma take cin ƙarfi, take saurin cinyewa. Masu ƙera taya suna auna taurin roba da wani ma'auni mai suna Shore: wajen 40 taushi ne ƙwarai, na masu gangaren dutse, 60 zuwa sama tauri ne, na gudu da daɗewa. Kowane kamfani da sunayen da ya laƙa ma nasa haɗin. Maxxis na ƙasar Taiwan yana da MaxxSpeed, MaxxTerra da MaxxGrip, daga mai gudu zuwa mai lafewa. Schwalbe na Jamus ya sauƙaƙa ma wanda bai yi lakkol ba, ya ja layin launi a bayan tayar: ja na gudu, shuɗi tsaka-tsaki, ruwan lemo mai taushi, shunayya mai taushi ƙwarai.

Na biyu haƙora, waɗanda Faransawa suke ce ma «crampons». Dogayen haƙora masu giɓi a tsakani suna nutsewa cikin laka da ƙasa mai laushi su cije, laka kuma ta samu hanyar zubewa. Amma a ɗora su bisa kwalta ko fako, inda ba abin cizo, sai su riƙa lanƙwashewa ɗaya bayan ɗaya. Ƙugin nan da ake ji kamar na jirgi, wanda yara suke sha'awa, ƙarfin cinyar mai keke ne yake tafiya cikin iska. Gajerun haƙora masu cunkoso a tsakiyar taya su ne masu gudu. Haƙoran gefe kuwa ba ruwansu da tafiya miƙe, ba su taɓa ƙasa sai an karkata a kwana, don haka ana iya samun taya mai gajerun haƙora a tsakiya, dogaye a gefe, a ci riba biyu. Wanda zai sayi taya ya shafa gefen da yatsa kafin ya dubi tsakiyar.

Na uku jikin tayar, wato saƙar zaren da ke ƙarƙashin roba. Za ku ga an rubuta 60 TPI ko 120 TPI, ma'ana yawan zare a cikin inci ɗaya. Mai 120 zarenta siriri ne, jikinta laushi kamar shadda mai kyau, tana gudu amma ba ta jimirin kaifin dutse. Mai 60 ta fi kauri da haƙuri. A ƙasarmu ni 60 nake zaɓa, kuma in da hali wadda aka ƙara ma kariya a gefe, irin wadda Maxxis yake rubuta ma EXO.

Abin da ya kai ni ƙasa

To, me ya sa na ce riƙo a gaba, gudu a baya? Saboda mafi yawan nauyin mutum bisa ƙafar baya yake zaune, don haka can ne ake asarar ƙarfi mafi yawa, can ne kuma taya mai gudu take biyan kuɗinta. Ƙafar gaba ita ce mai jan ragama, ita take shiga kwana, ita take ɗaukar babban rabon birki. In ta baya ta zame, keke wutsiya yake kaɗawa, mutum ya gyara zama ya wuce, har ma ya ji daɗi. In ta gaba ta zame, ba shawara, ba sallama. Na gani da idona, ko in ce da haƙarƙarina, wata safiya a kan tudun marmara na ƙetaren kogi a Yamai, a wata kwana mai tsakuwa barbaɗe bisa fako. Ban san lokacin da keken ya bar ni ba. Na dai ga kaina kwance, waɗansu yara masu kiwon awaki suna yi mini sannu suna ɓoye dariya. Mako biyu da hannun hagu nake sa hannu a takarda.

Saboda haka masana harkar ba su sa taya iri ɗaya gaba da baya. Kamfanonin ma sun san haka: Schwalbe ya ƙera Racing Ray musamman don gaba, ya bar Racing Ralph a baya. A wajen Maxxis ana haɗa Rekon ko Ardent a gaba da Ikon ko Rekon Race a baya. Continental na Jamus yana da Cross King ga gaba, Race King ga baya. Vittoria na Italiya kuma Barzo da Mezcal. Waɗannan duka nauyinsu tsakanin giram 600 da 800 da ɗoriya ne, gwargwadon faɗi da kauri. Ban kawo sunayen nan don talla ba, ba wanda ya ba ni ko dala. Na kawo su ne don mai karatu ya nemi hotonsu ya ga fasalin haƙoran, in ya tarar da mai kama da su ta wani kamfani a kasuwa ya san abin da yake riƙe da shi.

Akwai kuma waɗanda nake gargaɗi a kansu, ba don ba su da kyau ba, sai don ba mu aka yi ma su ba. Minion DHF, Magic Mary, ko Assegai, wadda Maxxis ya ƙera tare da zakaran gangare na Afirka ta Kudu Greg Minnaar aka sa mata sunan mashin Zulu: tayoyi ne masu ban sha'awa, haƙora kamar na kada, kowace kilo guda ko fiye. An yi su ne don mai gangarowa daga duwatsun Alp cikin laka da jiƙaƙƙun saiwoyi, wanda sau da yawa na'ura ce take kai shi sama, shi nasa saukowa kawai. Mutumin da zai yi kilomita 18 daga Damagaram zuwa Mirriya da ƙarfin ƙafarsa, in ya sa irinsu, ya ɗaura ma kansa turmi ne. Riƙon da Bature yake saye da tsada riƙon laka ne. Mu kuwa wata tara muke yi ba mu ga laka ba, in ma damana ta sauka, lakar fadama irin ta gulbin Maraɗi ba haƙorin da yake maganinta, manne wa take yi har ƙafa ta ƙi juyawa, sai a sauka a saɓa keke a kafaɗa.

Ƙasarmu iri uku ce ga mai keke. Akwai fako da burji mai tsakuwa a sama, inda ake son haƙora gajeru masu yawa da gefe mai cizo. Akwai dutse mai kaifi irin na Adar, wajen Keita da Buza, inda ba riƙo ne abin tsoro ba, yagewar gefen taya ce, don haka kauri ya fi gudu daraja. Sannan akwai uwa uba rairayi, wanda ya mamaye hanyoyin ƙauye daga Tasawa har Magarya. A rairayi haƙora ba su da amfani, dogayen ma haƙa rami suke yi su binne mai su. Abin da rairayi yake girmamawa faɗi ne, kamar yadda tafin raƙumi ya fi kofaton jaki a kansa. Shi ya sa ba na ba kowa shawarar abin da bai kai inci 2,25 ba, wato milimita 57, a gaba ma 2,35 ko 2,4 in jikin keken zai ɗauka. A dai auna tukuna: ya kamata a bar sarari na milimita 5 ko 6 tsakanin taya da ƙarfen keke ta kowane gefe, in ba haka ba tsakuwa ɗaya ta isa ta goge fenti har ta ci ƙarfe.

Iska kyauta ce, amma ita ce alƙali

Na bar babban zance a ƙarshe. Ranar da na faɗi, tayar gabana ba ta da laifi. Laifin na iska ne. Da safen na tsaya wajen wani mai faci, ya buga mini iska har tayar ta yi tauri kamar dutse, ya ƙwanƙwasa ta da yatsa ya ce: «Mushe, yanzu sai tashi sama.» Haka muka gada daga baƙin keke: taya mai kyau ita ce wadda babban yatsa ba ya iya lotsa ta. Ga mai ɗaukar buhu bisa siririyar taya, gaskiya ne. Ga taya mai faɗin milimita 57 a cikin daji, kuskure ne babba.

Mu yi lissafin ƴan aji shida. Mutum da kekensa kilo 85, a ce kilo 50 yana bisa ƙafar baya. Ma'aunin iska shi ne «bar», wanda makanikanmu suke kira kilo, domin bar ɗaya kusan nauyin kilo ɗaya ne bisa kowane santimita murabba'i. In aka buga bar 4, abin da ke taɓa ƙasa santimita murabba'i 12 ne da rabi, bai kai bayan akwatin ashana ba. In aka rage zuwa bar 2, ya zama 25. An ƙara riƙo ba a kashe ko tamma ba. Za a ce ai gudu ya ragu. A kan kwalta mai santsi, haka ne, kaɗan. Amma a kan tsakuwa da gargada akasin haka ake gani: taya mai tauri tsalle take yi bisa kowane ɗan dutse, tana ɗaga keke da mai shi sama, kuma wannan ɗagawa ƙarfi ne da aka sace daga tafiya gaba, alhali taya mai sassauci haɗiye dutsen take yi ta wuce. Girgizar da mutum yake ji a hannu ita take ruɗinsa ya zaci gudu yake yi. Ƴan tseren daji na Turai, waɗanda abincinsu ya rataya ga daƙiƙa ɗaya, ƙasa da bar 2 suke tafiya, sau da yawa wajen ɗaya da rabi. Lambar da aka rubuta a gefen taya iyaka ce da ba a ƙetarewa, ba umurni ba ne a kai can.

Sai dai rage iska yana da nasa haɗari muddin akwai robar ciki, wato tif, wanda a nan aka fi sani da «chambre à air». In taya ta yi laushi da yawa aka daki dutse, bakin zoben sai ya datse tif ɗin, a ga huda biyu jere kamar saran maciji. Don haka mai tif, mai matsakaicin jiki, ya tsaya wajen bar 2 a gaba, 2,2 ko 2,3 a baya. Mai ƙiba ya ƙara kaɗan, in za a shiga rairayi zalla a rage kaɗan. A sayi famfo mai agogon awo, kuɗinsa bai kai na taya ɗaya ba. A kuma dubi bakin iskar: da yawa daga kekunan nan da siririn baki irin na Faransa suke zuwa, wanda ake kira Presta, famfon mai facin babur ba ya kama shi sai da ɗan mahaɗi na tagulla. A ajiye ɗaya cikin aljihu tare da makullin gida.

Maganin datsewar tif, Turawa sun samo shi: a cire tif ɗin baki ɗaya. A 1999 kamfanonin Faransa uku, Mavic, Michelin da Hutchinson, suka fito da tsarin tayar keke marar tif, daga baya aka ƙara dabarar zuba wani farin ruwan ƙaro a ciki, mai kama da madara, wanda da zarar ƙaya ta huda taya sai iska ta turo shi cikin hudar ya daskare ya toshe ta, keke na tafiya. Ban san ƙasar da ta fi tamu bukatar wannan ba. Bature ƙusa yake tsoro jefi-jefi. Mu kuwa ga tsaida shimfiɗe a bakin kowace gona, ga ƙayar aduwa, ga farar ƙaya, ga bagaruwa. Na taɓa zare ƙaya goma sha ɗaya daga taya ɗaya bayan yawon safiya guda, iskar ba ta ragu yadda zan lura ba. Amma sai taya da zoben duka sun kasance irin waɗanda aka yi don haka, ana rubuta TR ko TLR ko TLE a jikin tayar, kuma kowace ƙafa 29 tana shan wajen mililita 100. Sannan ga zafinmu: madarar nan bushewa take yi, a Turai ma bayan ƴan watanni ake ƙarawa, balle a nan inda bazara take wuce digiri 40 a inuwa. Ni duk wata biyu nake girgiza ƙafar in saurara. In ban ji motsin ruwa ba, lokaci ya yi. Wanda ba shi da hanyar samun ruwan a kai a kai, gara ya zauna da tif ɗinsa, ya nemi taya mai kauri, ya riƙa yawo da kayan faci.

Saura kuɗi. Taya ta kirki a Turai tana kai yuro 40 zuwa 60, kuma yuro ɗaya sefa 656 ne in an cike. Ke nan yuro 50 ta kusa jika 33, kafin kuɗin jirgi da na duwan. Ga ƙaramin ma'aikaci ba abin wasa ba ne. In guda ɗaya aljihu zai iya, a sayi mai kyau a sa gaba, a lallaɓa da mai araha a baya. In ta gaban ta fara cinyewa a mai da ta baya, a sayo sabuwa a sa gaba. Kada a taɓa yin akasin haka. Akwai kuma iri biyu na taya ɗaya: mai bakin waya, wadda ba ta naɗuwa, da mai bakin zaren Kevlar, wadda ake naɗewa ta shiga jaka. Ta waya ta fi araha da nauyi, kuma galibi robarta ta talakawa ce ko da suna ɗaya ne a jiki, don haka in an ga farashi ya faɗi ƙasa warwas a tanƙwara bakin a gani. Ga ƴan kasuwa kuma roƙo ɗaya: ku daina rataye tayoyi a ƙofar rumfa rana tana dukansu. Rana tsofar da roba take yi tun ba a hau ta ba. Mai saye ya matsa gefen taya, in ya ga ƙananan tsage kamar faso, ya ajiye ta ko da haƙoranta sabbi ne ful. Wurin ɗaurawa kuma a bi kibiyar da ke gefe, domin haƙoran suna da gaba da baya.

Ga mai wasiƙarmu na Damagaram, wanda rabin tafiyarsa kwalta ce, rabi fako da rairayi tsakanin duwatsu: a baya ya sa 57-622 mai gajerun haƙora da roba mai tauri, a gaba 60-622 mai haƙoran gefe masu cizo da roba tsaka-tsaki, duka biyu masu kariyar gefe. Ran aiki ya buga bar 2,5 ya tafi biro. Ran Lahadi, inda kwalta ta ƙare, ya tsaya ya saki iska har ta gaba ta sauko wajen 2, sannan ya shiga daji. In ya dawo ya rubuto mana abin da gwiwarsa ta ce.